Gwiwar Harisu

Sallama gare ku, 'yan uwana masu bin labarina. Wanda ya daɗe tare da ni ya yi haƙuri in ɗan koma baya, na ga sababbin mutane sun shigo, kuma ba na son kowa ya kama zancen nan daga tsakiya.

Sunana Haulatu, 'yar Malam Dabo, haifaffiyar cikin garin Daura. Shekarata ashirin da huɗu, ɗinki nake yi a ɗakin Innarmu da wani keke da ya girme ni. Wanda nake so sunansa Harisu, mutumin Dutsi, yana gyara wa masu lambu injin ban-ruwa a bakin dam ɗin Daberam. Ranar da zan ba ku labarinta kuwa, wata bakwai ke nan cif ban sa shi a idona ba. Muryarsa ina ji a waya, hotonsa ina da shi har na haddace inda hular ta karkace, amma shi kansa, tafiyarsa da yadda yake sosa ƙeya idan kunya ta kama shi, wata bakwai rabona da su.

Ga dalili. Shekara biyu da suka wuce mota ta kaɗe shi a kan babur a hanyar Mashi, cinyarsa ta dama ta karye wuri biyu, aka sa masa ƙarfe. Ya yi wata goma yana dogara sanda. Da ya warke ya koma aiki, ya ce zai turo manyansa gidanmu, sai Gwaggo Maiturare, yayar Baba, ta ɗora wa kanta aikin bincike ba tare da kowa ya sa ta ba. Ta tafi Dutsi ta kwana biyu, ta dawo da labari cike da baki: wai ƙafar yaron ba ta lanƙwasawa, ko salla a kujera yake yi, kuma ƙarfen nan da sanyi ya shigo sai ya kwantar da shi. Ta dube ni ta ce daga ɗakin amarya ɗakin jinya zan wuce. Sallar kujera gaskiya ce, amma ta bara ce, wadda ta ba ta labarin ba ta faɗa mata shekara ba, ita kuma ba ta tambaya ba.

Baba bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya ce a dakata, kuma kafin ya gama nazari kar yaron ya sake zuwa zance ƙofar gidansa. Waya kam bai ambata ba, ni kuma ban tuna masa ba.

To, kun san dakatawa ba ta hana mutane motsi. Gwaggo ta shiga kai kawo da zancen Abdulmuhaimin, ɗan ƙawarta mai shagon tayoyi a Kongolam, har ta samu Baba ya yarda zai saurari mutanensa ranar Juma'a mai zuwa. Kar ku ce dole za a yi mini, Baba ba ya haka. Amma yau da gobe ta fi ƙarfin wasa. Inna ma da take bayana ta fara cewa in duba, shekaru ba sa jira, kuma mutum ba ya auren tausayi. Ni kuwa ba tausayin Harisu nake ji ba, son sa nake yi, sai dai wannan ba maganar da ake faɗa wa uwa ba ce.

Ana cikin haka Harisu ya gaya mini abin da ya ƙudurta. Wai tun yana kwance a asibiti, ƙafa rataye, ya yi wa kansa alkawari: in Allah ya tashe shi, ranar da ya cika shekara talatin zai ƙetare ruwan Daberam da iyo, ya fito ya hau keke har Kongolam ya juyo, sannan ya ajiye keken a hanya ya shigo Daura da gudu, kilomita goma, duk a safiya ɗaya. Na rubuta masa cewa mutane kaza suke yankawa ranar haihuwarsu, shi kuma kansa zai yanka. Na tambaye shi ko don ya ƙaryata Gwaggo ne.

Ya amsa: “Ba don Gwaggo ba ne, ba don Malam ba ne. Ni da ƙafata ne muke da magana.”

Wallahi sai da na ji kishin ƙafar nan. Amma nan take wata dabara ta faɗo mini, na ce masa abu ɗaya nake roƙo, in ya shigo gari da gudun ya biyo ta layinmu. Ya ƙi, ya ce umarnin Malam umarni ne. Na ce Baba zance ya hana, bai ce titi nasa ba ne, kuma ranar haihuwar tasa Asabar ce, ranar ma Baba ba ya gari, zai tafi Mashi sunan jikan abokinsa tun da asuba. Kwana uku ina fama da shi kafin ya yarda, shi ma da sharaɗi: ba zai tsaya ba, ba zai ɗaga kai ya kalli ƙofarmu ba. Na ce na ji, ni dai in gan ka.

Ni na ɗinka masa wandon gudun. Yadi mara nauyi ruwan toka na samu, na sake shi ya wuce gwiwa da taƙi guda don kar wani ya ga tsiraici ya samu abin faɗa. A bakin ƙafa na yi masa ɗinki biyu da koren zare, abin da hannuna ya saba ne, duk wandon da na ɗinka haka nake rufe shi. Na ba matar Jafaru, amininsa, da ta zo karɓar ɗinkinta, ta kai masa.

Ranar Asabar Baba ya fita bayan sallar asuba da jakarsa, na ji ƙarar ƙofa, na yi hamdala. Na share tsakar gida, na dama koko, sannan na shiga wanka. Na ɗauko atamfata mai ganyen shuɗi da ban taɓa sawa ba, na zizara kwalli, na shafa humra a wuya, duk don mutumin da ya rantse ba zai ɗaga kai ba. Inna ta dube ni sama da ƙasa ta tambaya ko biki ake yi ba a gaya mata ba. Na ce gwada ɗinkin nake. Ta ce to Allah ya sa ya zauna, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Jafaru ne ke bin sa a babur, wayar Harisu na hannunsa. Ƙarfe bakwai saura saƙo ya shigo: “Ya shiga ruwa.” Ga hoto, ruwa shimfiɗe fal saboda ƙarshen damina ne, can tsakiya ɗan kai baƙi kamar ƙwarya ta kife, kusa da shi wani masunci a kan gora yana rakiyarsa. Na zauna bakin gado na ƙura wa ɗigon nan ido, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ni ko kududdufi ban taɓa shiga ba, ban san me mutum ke ji a tsakiyar ruwa ba, na dai san numfashina sai da ya koma rabi.

“Ya fito. Minti arba'in da biyar. Yana haki yana dariya.”

“Ya hau keke. Ya ce a gaya miki wandon ya yi.”

Ina murmushi ni kaɗai kamar sabuwar kamu, sai na ji gyaran murya a zaure. Gyaran muryar da ko a barci na san mai ita. Baba ne ya dawo. Motar da za ta kai su Mashi ta lalace tun ba su fita gari ba, ya ce ya yi wa jaririn addu'a daga nan, Allah na ko'ina. Ya sa aka fitar masa da tabarma da buzu gindin darbejiyar ƙofar gida, ya jera littattafansa, ya kunna rediyo, ya zauna daidai inda Harisu zai wuce.

Nan take na rubuta: “Jafaru, kar ya biyo ta layinmu. Baba na ƙofar gida.” Saƙon ya tsaya bai shiga ba. Na sake turawa, na kira, shiru. Wanda ya san hanyar Kongolam ya san halinta, da ka kusanci iyaka sai waya ta kama layin Nijar, naka ya ɓace. Na tura har sau tara.

Na koma dabarar shigo da Baba cikin gida. Na ce ga koko da ƙosai a ɗakinsa, ya ce a kawo waje. Na ce rana za ta taso masa, ya ce darbejiyar nan ta girme ni kuma ba ta taɓa gaza shi ba. Na ce ko zai leƙa gona tunda tafiyar ta fasu, ya dube ni ta saman tabarau ya tambaya yaushe na zama sarkin noma. Na ja bakina na koma ɗaki.

Yanzu bari in faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa ba. Ina tura saƙon nan, ina kuka da gaske, ina tsoron abin da na jawo, domin in Baba ya ɗauka Harisu ya raina umarninsa ne, magana ta ƙare, Juma'a sai dai a yi ta wani. Amma can ƙasan zuciyata akwai wata Haulatu marar hankali da ke roƙon kar saƙon ya shiga. Ita ba ruwanta da Juma'a, so take ta gan shi ko da duniya za ta tashi. Allah ya yafe mini, ita aka amsa wa.

Daga tara har sha ɗaya ba saƙo ko ɗaya. Na zauna kan keken ɗinki na ɗinka hannun riga a baibai, na farke. Da na ga ba zan iya ba sai na saɗaɗa zaure, na tsaya bayan ƙyaure inda katako ya tsage, na liƙa ido. Ina hango bayan Baba da carbinsa, da layinmu har kwanar mai markaɗe.

Sha ɗaya da kusan kwata ya ɓullo.

Ya rame. Abin da na fara gani ke nan. Ya bar gemu, rigarsa ta jiƙe ta manne a ƙirji, gishirin zufa ya yi fari a wuyanta, ga wandona yana kaɗawa ƙasan gwiwa. Gudun ba mai sauri ba ne, amma gudu ne, ƙafa biyu suna sauka ɗaya bayan ɗaya, ba sanda, ba ɗingishi sai ɗan kaɗan da sai wanda ya sani zai lura. Na toshe bakina da mayafi. Wata bakwai ina tara abin da zan ji in na gan shi, da ya zo kuwa ba abin da na iya sai hawaye.

Sai ya hango Baba. Na ga lokacin da ya gan shi, don kafaɗunsa sun yi wani irin tsalle. Juyawa ba ta yiwuwa, an riga an haɗa ido. Wucewa da gudu ta gaban dattijon da kake neman 'yarsa kuwa, ko a mafarki ɗan mutunci ba ya yi. Ya rage gudu, ya tsaya tun da saura taku goma, ya sunkuya ya kwance igiyar takalmansa ya cire su, ya tako yashi mai zafi da safa. Da ya iso bakin tabarma sai ya durƙusa. Ba irin rusunawar samarin yanzu ba ta rabi da rabi, har ƙasa ya kai, ya zauna kan dugadugansa, gwiwoyin nan biyu a naɗe, kai a sunkuye.

Baba ya rage rediyo. Ku da ba ku san gaisuwar Baba ba, ba ta da ƙarshe. Ya tambayi mahaifinsa, ya tambayi mahaifiyarsa, ya tambayi mutanen Dutsi, da yadda gero ya yi a wajensu, da ko ruwan bana ya yi wa masu lambu ɓarna. Harisu na amsawa da lafiya lau, alhamdu lillahi, numfashi na fita da ƙyar, zufa na ɗiga daga gemunsa. Ni kuwa daga inda nake na lura da abu ɗaya: Baba ba fuskarsa yake kallo ba, gwiwar dama yake kallo.

Can ya tambaye shi me ya koro shi. Harisu ya yi bayani a gajarce, ruwa da keke da gudu, da cewa yau ya cika talatin. Baba ya ce iyo dai kwaɗo ma yana yi, keke yara na hawa, gudu kuwa a saninsa sai wanda ya ga abin tsoro, kuma bai taɓa gane murnar mutum don ya ƙara kusantar kabari ba. Harisu bai ɗago ba ya ce:

“Ba murna ba ce, Malam. Ina kwance na ce in Allah ya mayar mini da ƙafata ba zan ajiye ta in yi ta lallashi ba. Shi ne na zo in cika. Biyowa ta nan kuma kuskurena ne, a yi mini afuwa.”

Bai ambaci sunana ba. Ya ɗauki laifin ya aza wa kansa, ni ina tsaye bayan ƙyaure da atamfata da humrata.

Baba ya ja carbi. Sannan ya ce wannan ba alwashin da shari'a ta ɗora masa ba ne, da ya bari ba komai a kansa, amma tunda ya fara, saura nawa? Harisu ya ce zuwa filin ƙwallon firamare ne, nan bayan layi. Baba ya ce to ya tashi ya ƙarasa.

Harisu ya dafa ƙasa zai tashi, ya kasa. Ya sake yunƙurawa, fuskarsa ta murɗe, ya koma ya zauna daɓas a yashi. Na ce shi ke nan, maganar Gwaggo ta tabbata a gaban Baba, da bakina na kira shi ya zo ya faɗi a ƙofar gidanmu.

Harisu ya riƙe sha-raɓarsa yana cije leɓe, ya ce: “Malam, ba mai ƙarfen ba ce. Ta hagun ce ta ɗaure.”

Baba ya dubi ta hagu, ya dubi ta dama, sai ya yi dariya. Dariya sosai har tabarau na zamewa, irin wadda rabon da in ji ta tun ina firamare. Ya tashi daga kan buzunsa ya kama ƙafar hagun, ya miƙar da ita ya danna yatsun baya kamar yadda yake yi wa masu yi mana noma idan jijiya ta riƙe su. Harisu ya rufe fuska da hannu yana cewa Malam a bari, don Allah a bari, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Baba bai saurare shi ba. Da ya gama sai ya ɗora tafin hannunsa kan gwiwar dama, ya ɗan matsa, ya tambaya ko wannan ce ake ta magana a kanta. Ya kama damtsensa ya ɗaga shi tsaye, ya faɗa masa wata magana ƙasa-ƙasa da ban ji ba.

Harisu ya kwashi takalmansa a hannu, don ba zai sa su a gaban Baba ba, ya ci gaba da gudu da safa har ya sha kwana. Bai ɗaga kai ya kalli ƙofarmu ba, kamar yadda ya ce. Na gan shi, shi bai gan ni ba, kuma ban san ganin rabi ya fi rashin gani ciwo ba sai ranar.

Ban ankara ba Baba ya turo ƙyaure ya same ni tsaye, kwalli ya zubo har haɓa. Na zube ƙasa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya sunkuya ya kama bakin wandon da ke jikinsa, ya juya shi, ga ɗinki biyu da koren zare. Ya ce ashe telansa ya yi sababbin masu kawo ɗinki. Ya wuce ciki.

Ina jin sa a tsakar gida yana gaya wa Inna, da murya yadda zan ji, cewa a sanar da Yaya Maiturare yaron nan ya fi minti goma a durƙushe a gabansa bayan ya sha iyo da hanya, shi kansa Baba da ba ƙarfe a jikinsa ba zai iya rabin haka ba. Inna ta tambaya to baƙin Juma'a fa. Baba ya ce Juma'a ba ta zo ba tukuna. Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma ku ma kun san Gwaggo ba a kayar da ita da faɗuwa ɗaya.

Wayata ta yi ƙara. Saƙonnina tara sun shiga a tare, ga na Harisu a ƙasa: “Na gama. Awa huɗu da rabi. Kin gan ni?”

Ina share ido zan amsa, sai Baba ya fito da alwala, yana gyara hula. Ya tsaya a kaina bai dube ni ba.

“Na ce masa in ya ƙarasa ya dawo ya sha ruwa. Ni masallaci zan wuce, kuma yau zan ɗan daɗe. A dama fura, ki shimfiɗa tabarma a zaure.”

A zaure, jama'a. Ba gindin darbejiya ba, zauren da aka rufe masa wata bakwai.

Na rubuta wa Harisu: “Na gan ka. Kai ne ba ka gan ni ba. Ka taho a hankali.” Na fara dama furar, Inna ta karɓe ludayin daga hannuna don nono na zuba a ƙasa, ta dama da kanta, ta goge mini kwallin da bakin zanenta, ta miƙo mini kwanon. Na kai bakin ƙofar zaure ke nan na ji sallamarsa daga waje, muryar ta dushe don gajiya. Ni da ban shiga ruwa ba, ban hau keke ba, ban yi gudu ba, sai ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Na jingina da bango da kwanon fura a hannuna, ya sake yin sallama karo na biyu kafin na samu muryar amsawa.